KOWA DA FASSARARSA? DARASI A KAN KOYARWAR IKKILISIYA



A nan ƙasar Zuru muna zaune tare da 'yan'uwanmu na UMCA, da Musulmi, da masu bin addinin gargajiya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Saboda haka tambaya takan taso: ko ɗan Katolika yana da ikon fassara koyarwar Ikkilisiya yadda ya ga dama? Ɗalibanmu masu tafiya karatu Sakkwato ko Zariya za su gamu da ita a ƙungiyoyin addu'a, da cikin wa'azin da ke yawo a waya. Amsarmu ita ce: yanke ma'anar koyarwa aikin Ikkilisiya ne, aikata ta kuwa nauyin kowannenmu ne.

1. TUSHEN MAGANAR

A Ayyukan Manzanni sura 8, Bahabashen nan yana karanta littafin Ishaya, amma bai gane ba sai da Filibus ya bayyana masa. A sura 15, da gardamar kaciya ta tashi a Antakiya, ba a bar kowa da ra'ayinsa ba. An aiki Bulus da Barnaba Urushalima, manzanni da dattawa suka zauna suka yanke magana.

Haka aka yi a shekara ta 325. Wani firist na Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitta ne. Shi ma ayoyi yake kawowa. Bishop-bishop suka taru a Nikiya suka ƙi koyarwarsa, daga nan aka sami tushen Shaidar Bangaskiya da muke faɗa ranar Lahadi.

A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta nanata cewa fassara mai iko tana hannun Paparoma da bishop-bishop da ke tarayya da shi. Ta kuma ce su bayin Maganar Allah ne, ba iyayengijinta ba, ta gargaɗe mu duka mu riƙa karanta Littafi Mai Tsarki. A wurinmu wannan aiki yana wuyan Bishop Bulus Dauwa Yohanna na Kontagora, wadda ta zama cikakkiyar dayosis a 2020.

2. KOYARWA HAWA-HAWA CE

(a) Ginshiƙan bangaskiya, kamar Allah Ɗaya cikin Uku, da tashin Almasihu daga matattu, da kasancewarsa cikin Jibin Ubangiji. Waɗannan ko Paparoma ba ya taɓa su.

(b) Koyarwa ta yau da kullum. Ita ma wajibi ne mu yi mata biyayya, ko da yake fahimtarta takan ƙaru. An fitar da Katekisim a 1992. A 2018 marigayi Paparoma Francis ya gyara sashe na 2267, ya koyar cewa hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne.

(c) Dokokin tsari. Kakanninmu sun yi azumi tun tsakar dare kafin karɓar Jibi. A 1957 aka mai da shi awa uku, a 1964 awa ɗaya. Da can da Latin ake Misa, yau muna yi da Hausa.

Ku lura, duk inda canji ya zo, Ikkilisiya ce ta kawo shi. Ba wani ne ya wayi gari ya sauƙaƙa wa kansa ba. Da a ce kowane mai sayar da dawa a kasuwar Zuru zai ƙera mudunsa, ai da ciniki ya lalace.

3. INA AIKIN LAMIRI?

Aikinsa babba ne. Ikkilisiya ta ce mu taimaki gwauraye da marayu, amma ba ta faɗi mudu nawa za ka ɗiba daga rumbunka ba. Ta ce mu nemi adalci, ba ta faɗi ɗan takarar da za ka zaɓa ba. Lokacin bikin Uhola, Kirista yana iya ziyartar dangi ya yi murnar kaka tare da su, amma ya san ba ya sa hannu cikin hadaya ga wani abin bauta. Inda iyaka ta shige masa duhu, sai ya nemi Fada ko katekis. Matambayi ba ya ɓata.

Amma lamiri yana bukatar horo ta wurin addu'a da karatu da shawara. Wanda ya ce lamirinsa ya yarje masa ƙara mata ta biyu, ko satar amsa a jarrabawa, son zuciyarsa ne yake magana. Wanda kuwa wata koyarwa ta yi masa wuya, bai yi zunubi ba don ya yi tambaya. Ya ci gaba da bincike cikin tawali'u, kada ya koya wa na baya ra'ayinsa da sunan Ikkilisiya.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Wace gardama aka kai Urushalima, su wa suka yanke ta?
2. Kawo misali ɗaya daga kowane hawa na koyarwa.
3. Idan abokinka ya kawo maka ayar da ta ruɗa ka, me za ka yi?

Ruhu Mai Tsarki ya bishe mu cikin gaskiya. Amin.