Me Ya Sa Ake Gwada Dutse Kafin A Fasa Shi Don Fitar Da Gas?

Malam Isa daga Gombe ya aiko mana da tambaya: me ya sa injiniyoyi a Amurka ke gwada dutse kafin su fasa shi don fitar da iskar gas?

To Malam Isa, mun gode. Dutsen da ake magana a kai shi ne dutsen shel, wato laka ce da nauyin ƙasa ya danne har ta zama dutse. Gas na maƙale a cikin ƙananan ƙofofinsa, ba ya iya fita da kansa. Shi ya sa ake tura ruwa da yashi da ƙarfin gaske a tsattsaga dutsen, yashin kuma ya tokare tsagar don kada ta rufe.

Sai dai ba kowane dutsen shel ke karɓar fasawa ba. Wanda sinadarin silika ya yi yawa a cikinsa yana da gautsi, yakan tsage kamar gasasshiyar tukunya. Wanda yumɓu ya rinjaya kuwa laushi gare shi, tsagarsa takan koma ta haɗe. Don haka ake ciro samfurin dutsen daga rijiyar da aka haƙa, a matse shi a ɗakin gwaji, a auna gautsinsa. Wannan gautsin, Malam Isa, shi ya taimaki dutsen Barnett na jihar Texas, inda aikin ya fara yin riba a ƙarshen shekarun 1990. Ana kuma auna ta wane ɓangare ƙasa ta fi matse dutsen, domin shi ke nuna inda tsagar za ta bi.