Cire Igwa Daga Ƙaramar Motar Yaƙi Ba Tare Da An Ɓata Ta Ba

Wani malamin makaranta daga Bungudu ya rubuto mini cewa ɗalibansa sun haɗa ƙaramar motar yaƙi mai ɗauke da igwa, samfurin M7 ta Yaƙin Duniya na Biyu, don baje kolin ƙarshen zango. Gangar jikinta ta roba ce da aka sayo a kwali, sauran kuma yaran suka cike da gwangwani da waya. Sai iyaye suka nuna ba sa son ganin bakin bindiga a hannun 'ya'yansu. Tambayarsa ita ce: yaya za a cire igwar aikin yaran bai lalace ba?

Malam, iyayen nan suna da hujja. Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san abin da bindiga ta jawo wa mutanen Zamfara. Ka bi ra'ayinsu, kuma ka kwantar da hankalin yaran, domin abin da za su yi an taɓa yin sa da motar gaske.

A watan Agusta na 1944, sojojin Kanada da ke Normandi a Faransa suna shirin kai farmaki kudu da garin Caen. Kwamandansu, Janar Guy Simonds, yana neman hanyar kai dakarun ƙasa bakin daga cikin sulke. Sai ya sa aka tattara motocin M7 sama da 70, aka cire musu igwarsu mai bakin milimita 105 da ma'ajiyar harsasai, aka toshe gurbin da ƙarfe, duka cikin 'yan kwanaki. Daren 7 ga Agusta suka shiga fagen fama ɗauke da sojoji, aka san su da suna Kangaroo. Ke nan motar ɗalibanka za ta koma wata mota ce mai tarihinta, kuma wannan darasi ne da za ka iya koyarwa a aji.

Kafin ka taɓa komai, ka gano da me aka liƙa igwar. Idan gam ɗin roba ne na musamman, to ya narkar da ɓangarorin biyu sun zama abu guda, ja ba zai raba su ba, sai dai ya tsaga ƙasan motar. Yanka za ka yi, da siririn zarto ko sabuwar reza, a hankali, kana barin ɗan saura a jiki wanda za ka goge da samfefa daga baya. Idan sufa gulu ne, sa motar cikin leda ka ajiye a firiza na dare ɗaya. Sanyi yana sa shi ya yi gautsi, ka ɗan murɗa kaɗan ya saki. Kada ka kuskura ka zuba ruwan goge jan farce, yana cin irin wannan roba. Inda kuma aka yi amfani da dalma a kan gwangwani, kai wa mai gyaran rediyo ya narkar da ita, amma ya nisanta zafin daga robar. Reza da zarto su tsaya a hannunka, yara su yi guga da fenti.

Inda akasari ake kasawa shi ne bayan an cire. Ana barin gaban motar a wangale kamar gurbin haƙori, kowa ya gani ya san an ɓalle wani abu. Dole a toshe, kuma a toshe da awo. Yawancin waɗannan kwalaye a kan ma'aunin 1:35 suke, wato kowane santimita ɗaya yana wakiltar 35. Motar gaske tsawonta kusan mita 6 ne, don haka taka za ta kai kimanin santimita 17. Sulken samanta rabin inci ne, wanda a wannan ma'auni bai kai rabin milimita ba. Saboda haka kwali mai kauri bai dace ba. Fallen gwangwanin madara da aka daddale shi ne daidai. Fara yanka siffar gurbin a takarda, ka gwada har ta zauna, sannan ka ɗora ta kan gwangwanin ka yanke, ka goge kaifin gefensa. Faci ya ɗan fito fili ba laifi ba ne, domin na gaske ma walda aka yi cikin gaggawa.

Ciki ma a share tushen igwar da akwatunan harsasai, a bar fili na zaman sojoji. Akwai ƙaramar bindiga a kan wani zagaye da ke gaba ta hannun dama. Ita ma a cire ta, a bar zagayen, shi ne alamar da ake gane motar da ita.

Fenti kuwa kore mai duhu, shafa biyu marasa kauri, ta farko ta bushe kafin ta biyu. In lokacin hunturu ne, ka kifa kwali a kanta don ƙura, kuma kada a shanya ta a rana, zafin Bungudu yana lanƙwasa roba.