Filin Shawarwari: In Sayi Na'urar Nuna Hanya Mai Araha?

 Ni direba ne, ina ɗaukar shata daga Kano zuwa Abuja. Babbar hanya na san ta sarai, amma da na shiga cikin Abuja neman gidan fasinja sai kaina ya ɗaure, ga data tana cinye ɗan abin da na samu. Wani ya yi mini tallan na'urar GPS ta mota, kwatano ce, da araha, ya ce ba ruwanta da layi ko data. Gaskiya ne? In saya?

Wani direba, daga Kano

Malam direba, Allah ya kiyaye hanya.

Mai tallan bai yi maka ƙarya ba. Na'urar tana karɓar saƙo ne kyauta daga taurarin ɗan Adam na Amurka da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000, kuma da ta kama huɗu ta san inda kake. Ko a dajin da babu sabis za ta yi aiki, ta nuna gudun motarka, ta faɗa maka inda za ka karya kwana.

Zancen taswira ne ya ɓoye maka. Tauraro inda kake kawai yake nunawa, su kuwa tituna a cikin na'urar ake ɗora su. Yawancin na kwatano da taswirar Turai ko Amurka suke zuwa, sai ka kunna a Kano ka ga motarka tsaye a fili fetal, ba titi ba suna. Ko ta Najeriya ce, in ta tsufa ba ta san sabuwar gadar sama ba, balle unguwannin bayan Abuja da kullum ake yanka filaye. Cunkoso ko rufe hanya kuwa, babu mai faɗa mata tunda ba intanet. Batirin ma ba ya jimawa, dole ta zauna a jikin caja, ga zafin ranarmu da ke kumbura shi in an bar ta manne a gilashi.

Kafin ka ba da ko kwabo, sa mai tallan ya kunna ta a waje, ka rubuta Wuse ko Kubwa da hannunka. In ba ta kawo ba, bar masa kayansa.

Da ni ne, abin maƙala waya da caja mai kyau zan saya da kuɗin. Google Maps na barin ka sauke taswirar gari sau ɗaya, ta riƙa yi maka jagora ba data. Fasinja kuma ya turo maka inda gidan yake ta WhatsApp tun kafin ku tashi.