Tarwadata ta yi teɓa, mai banda ta guje ni

Ina da tankin siminti biyu a bayan gida, na zuba 'ya'yan tarwada 1,000. Da buhun abinci ya yi tsada, a wata na biyu na koma ba su dusar masara da hanjin kaji da nake samowa wurin masu figa. Yau wata shida, kaɗan ne suka kai kilo ɗaya. Wata mai banda ta sayi kwando guda, ta dawo tana cewa mai ne kawai ke ɗiga a wuta, kifin ya motse, ga ƙarni. Ina kuskurena yake?

Mai kiwon kifi, Zariya

Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri, asarar wata shida ba ƙarama ba ce.

Kifinka ya ƙoshi, amma bai samu abin gina tsoka ba. Ƙaramar tarwada tana buƙatar abinci mai furotin wajen kashi 40 cikin 100, dusar masara kuwa da ƙyar take kai kashi 10. Hanji yana da furotin, sai dai kitsensa ya yi yawa. Tsaga cikin guda ɗaya ka duba, za ka ga farin kitse ya naɗe kayan ciki. Shi ne ya narke a wutar baiwar Allah nan, kuma gaskiyarta ce ta yi ƙorafi, domin nauyi ta biya. Ragowar hanjin da ke ruɓewa a gindin tanki shi ke ɓata ruwa, ya kashe wa kifi sha'awar ci, ya sa masa wari.

A zubi na gaba, wata biyun farko kada ka yi tsumulmular abincin kamfani, nan ne kifi ke kafa jiki. Daga baya kana iya haɗa naka da garin kifi, waken suya, tunkuza da masara kaɗan. Lallai ka soya waken, ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Tunkuzar da ta yi fumfuna kuwa guba ce, zubar da ita.

Ka riƙa ware manya daga ƙanana duk bayan mako biyu, don tarwada tana cin 'yar'uwarta. Da sanyin hunturu ka rage awo, ba sa ci sosai.

Waɗanda ke hannunka yanzu, daina ba su hanji, ka ba su abinci mai kyau na 'yan makonni. Kwana biyu kafin kamu ka tsayar da ciyarwa, ka sauya musu ruwa mai tsabta, ƙarnin zai ragu.