Yadda Baƙo Zai Bi Jirgi da Mota a Birnin Landan

Cikin darasin labarin ƙasa an koya mana cewa taswirar kirki ita ce wadda ta bi ma'auni, inci kaza a takarda, mil kaza a ƙasa. To, akwai wata taswira a Landan, babban birnin Ingila, wadda ta karya wannan ƙa'ida da gangan, amma kuwa ita ce jagorar baƙo da ɗan gari. Taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa ke nan.

Asalin jirgin nan cunkoso ne. Da karusai da dawaki suka toshe titunan birnin, sai aka haƙa hanya a ƙarƙashinsu daga Paddington zuwa Farringdon, aka buɗe ta cikin 1863, ita ce ta fari a duniya. Jiragen farko da kwal suke aiki, sai mu ƙaddara irin hayaƙin da fasinja suka sha cikin rami. Na lantarki ya zo cikin 1890. Yanzu hanyoyin sun kai 11, tashoshi 272, ko da yake fiye da rabin tsawonsu a sarari yake.

Da hanyoyi suka yi yawa, taswirar ta rikice kamar zaren da kaza ta shiga. Sai wani mai zane, Harry Beck, ya lura da cewa mutumin da ke cikin rami ba ruwansa da karkatar titi ko yawan mil. Abin da ya dame shi biyu ne kurum, watau wace tasha ce ke biye, a ina kuma zai sauya jirgi. Saboda haka ya miƙe hanyoyin sarai, ya buɗa tsakiyar birni, ya matse bayan gari, bai bar kome na bisa ƙasa ba sai Kogin Temes. Da fari an ƙi zanen, sa'an nan aka buga shi cikin 1933, jama'a kuwa suka karɓa.

Kowace hanya da launinta. A ce baƙo ya sauka filin jirgin sama na Heathrow, yana son ganin Majalisar Birtaniya. Sai ya ɗora yatsa bisa shuɗiyar hanya mai duhu, Piccadilly, ya bi ta har Hammersmith, inda ta gamu da koriya, District. Nan zai sauka, ya tsallaka ɗaya gefen dandamalin, ya shiga koriya har Westminster. Iyakarta ke nan.

Wajen komowa ne ake tuntuɓe. Sanin launi bai isa ba, gama waɗansu hanyoyin suna rabuwa biyu. Ita Piccadilly ɗin nan, in ta kai Acton Town, reshe guda ya nufi Heathrow, guda kuwa Uxbridge. Wanda ya ga shuɗi ya faɗa ciki da kayansa, bai karanta sunan tashar ƙarshe da ke goshin jirgin ba, yana iya farga a Uxbridge, jirgin samansa kuwa ya tashi. Lalle a duba allo kafin a sa ƙafa.

Batun biya kuma, an raba birnin yanki yanki kamar ɓawon albasa, na 1 a tsakiya, kuɗin tafiya kuwa bisa yankunan da aka ratsa yake. Akan biya da kati mai suna Oyster, wanda aka fito da shi cikin 2003, ko kuwa da katin banki. Akan taɓa shi bisa wani faifai rawaya sa'ad da za a shiga, a sake taɓawa wajen fita. Wanda ya manta da ta biyu, sai a cire masa kuɗi mafi tsada, domin na'urar ba ta san inda ya sauka ba. Jajayen motocin nan masu bene sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Sau ɗaya ake taɓa kati a cikinsu, in kuwa mutum ya sauya mota kafin sa'a guda ta cika, ba ya sake biya. Sun fi jirgi jinkiri, amma a ganinmu baƙon da ba ya sauri gara ya hau bene, ya ga garin da ya zo gani, maimakon bangon rami.

Akwai wata al'ada da ba a wasa da ita. A bisa matakala mai tafiya da kanta, mai tsayawa ya tsaya dama, hagu ta masu sauri ce.

Amma fa kada mu manta taswirar nan ba ta faɗin nisa. Tsakanin Leicester Square da Covent Garden bai kai mita 300 ba, ita kuwa ta nuna su tasha biyu kamar sauran. Baƙo yakan gangara rami, ya biya kuɗi, ya jira jirgi, ya hau sama, alhali wanda ya taka da ƙafa tuni ya isa yana jiransa.