Na sauke wa Alhaji tumbi, wani koci ke cin kuɗin

Ni matashi ne a Ushafa, ƙaramar hukumar Bwari. Tun ina sakandare nake ɗaga ƙarfe, duk unguwarmu an san ni da motsa jiki. Da aikin gwamnati ya ƙi samuwa sai na ce bari in mayar da shi sana'a, in riƙa horar da mutane ɗaya-ɗaya. Na fara da wani Alhaji, aminin kawuna. Kullum bayan sallar asuba ina ƙofar gidansa, mu yi sassarfa ta wajen madatsar ruwa ta Usuma, ranar Asabar mu hau dutse. Wata da watanni muna haka har tumbinsa ya sauka, sai da tela ya rage masa kaftani. Abin da nake samu shi ne "Allah ya yi maka albarka", wata rana kuɗin shayi. Kwatsam sai na ji ya yi rajista a wani gidan motsa jiki a Gwarinpa, yana biyan wani koci duk wata. Abin da ya fi ƙona mini rai, a gaban kawuna ya ce yanzu ya samu ƙwararre. To ni mene ne? Ni da na sha sanyin hunturu a ƙofar gidansa? Ƙwararren nan yana ina lokacin da Alhaji ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi? In je in nemi haƙƙina ne, ko in bar wa Allah? Wani abokina kuma ya ce in ci bashi in buɗe nawa wurin, Alhaji ya gani.

Mai karatu daga Ushafa

Na bi wasiƙarka layi-layi ina neman inda kuka yi ciniki da Alhaji, ban gani ba. Ladan da ba a yanka ba, da wane baki za ka bi shi bashi? Kunya ce ta cinye maka guminka, don aminin kawu ne. Je ka cibiyar ginin tukwane ta garinku, wadda Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000, ka gani ko matan nan suna barin mutum ya ɗauki tukunya ba su faɗa masa kuɗinta ba.

Amma ni ba kuɗin ne ya tayar mini da hankali ba. Ka ɗauki dattijo mai tumbi ka hau dutse da shi da sanyin safiya, ba ka ce mini an auna jininsa ba. Hawan jini yakan zauna a jikin mutum shekaru bai sani ba. Da ya yanke jiki ya faɗi a saman dutsen nan, nesa da titi, me za ka yi masa? Ɗaga ƙarfe jikinka ya gina maka, bai koya maka yadda ake bi da gwiwar dattijo ko mai ciwon suga ba. Kalmar da Alhaji ya faɗa ta yi zafi, na sani, sai dai akwai abin dubawa a cikinta. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana koyar da taimakon gaggawa, fara da wannan. Daga nan ka nemi takardar horarwa. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana horar da kociyoyi. Ka sayi na'urar awon jini, duk wanda ya manyanta ko yake shan magani ya fara ganin likita kafin ka sa shi gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce wa baligi shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici. Sabon shiga tafiya da sauri ta ishe shi.

Sannan ka daina jiran 'yan unguwa da suka san ka tun kana yaro. Masu albashi suna Kubwa, Dutse Alhaji da Gwarinpa, ga ma'aikatan JAMB da ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lauya a Bwari. Duwatsun Ushafa da kake takawa kyauta, mutanen cikin gari mota suke shiga su zo hawa. Haɗa rukunin Asabar, kowa ya biya nasa. Mai son ka je gidansa ya biya a farkon wata, ka sa kuɗin mota a ciki, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zirga-zirga kaɗai tana iya cinye ribar. Ka yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC, ka rubuta farashinka a takarda.

Shi kuwa Alhaji, kada ka je masa da maganar bashi, za ka ɓata tsakaninsa da kawunka a banza. Je ka gaishe shi, ka miƙa masa takardar farashin, ka roƙe shi ya haɗa ka da abokansa da suka ga yadda jikinsa ya canza.