Gaba Sanyi, Baya Zufa: Yadda Ake Gano Matsalar Fankar Esi ta Baya

Duk wanda ya taɓa shiga Sienna ko Hiace daga Kaduna zuwa Kano a watan Afrilu ya san wannan rigimar. Direba da na kusa da shi suna shan sanyi, mutanen baya kuwa suna fifita da kwali suna cewa, "Direba, don Allah a ƙaro mana esi mana!" Shi kuma ya rantse ya kai shi ƙarshe. Sau da yawa gaskiya ya faɗa: fankar baya ce ta tsaya.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu shirin fita SIWES a garejin 'yan rewaya, irin wannan aikin zai same ku. Wanda bai san kan abin ba sai ya sa mai mota ya sayo sabuwar fanka, a ɗaura, a kunna, shiru kake ji. An yi asarar kuɗi, oga kuma ya fara yi maka kallon wanda takarda kawai ya sani.

Fara da sanin hanyar wutar

Motocin da ke da esi na baya suna da fanka ta biyu, dabam da ta gaba. A Sienna tana ɓoye a bangon baya, cikin roba. A Hiace kuwa tana sama, a rufi. Wuta na tasowa daga batir, ta bi ta fiyus, ta ratsa rile, ta shiga motar fankar. A motoci da yawa, daga nan sai ta bi ta razista da makunni kafin ta koma jikin mota, wato at. Razistar ce ke rage gudu: lamba 1, 2, 3. Sababbin motoci kuwa suna amfani da ƙaramin akwatin lantarki mai tiranzista maimakon razista.

Tambayi alama kafin ka ɗauki sukudireba

Idan fanka na hura iska amma ba sanyi, matsalar ba ta fanka ba ce. A duba gas da layinsa.
Idan tana aiki a gudun ƙarshe kaɗai, kusan kullum razista ce ta ƙone, domin gudun ƙarshe ba ya bi ta cikinta.
Idan sai an buga mata hannu take tashi, burushin cikinta ya cinye ko soket ya saki.
Idan babu motsi ko kaɗan, sai a bi matakan nan bi da bi.

Matakan bincike

1. Makunni. Wasu motocin suna da maɓalli a gaban direba da ke kunna esi na baya ko ya kulle shi. Duba shi tukuna. Ba abin dariya ba ne, an sha kwance bangon mota saboda maɓalli ɗaya.

2. Batir. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, idan kuma yana aiki tsakanin 13.5 da 14.5.

3. Fiyus. Kada ka yarda da idonka. Kunna mota da esi na baya, ka taɓa ƙafafunsa biyu da mita ko fitilar gwaji. Wuta a gefe ɗaya kawai na nufin ya tsinke. Murfin akwatin fiyus zai nuna maka wanne ne na baya.

4. Rile. Ɗora yatsa a kansa, wani ya kunna, za ka ji "ƙas". Amma jin ƙarar ba ta nufin yana ba da wuta, don bakinsa na ciki na iya ƙonewa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka musanya shi da wani irinsa sak da ka tabbatar yana aiki.

5. Soket ɗin fanka. A nan ake gane gwani. Bar soket ɗin a jone, ka auna wayoyin biyu ta baya, baƙar wayar mita tana jikin mota. Idan babu wuta a kowacce, matsalar tana baya, wajen fiyus, rile ko wayar da ta tsinke. Idan duka biyun sun nuna volt 12, wutar ta shiga amma ba ta da hanyar komawa: razista, makunni ko at. Idan ɗaya 12 ɗaya kusan sifili amma fanka ba ta juyawa, to ita kanta fankar ce ta mutu.

6. Gwajin ƙarshe. Cire fankar, ka ba ta wuta kai tsaye daga batir da wayar da ke da fiyus a jikinta. Riƙe ta da kyau, don tana fizga. Juya ta da hannu kuma: idan ta yi tauri, boris ya bushe ko ƙura da leda sun cushe ta.

Kurakurai biyu masu tsada

Na farko, canza razista ba tare da duba fanka ba. Razista tana zaune ne a cikin hanyar iska, iskar ce ke sanyaya ta. Fankar da ta yi nauyi tana jan wuta fiye da kima, iskarta kuma ta ragu, sai sabuwar razistar ta bi sahun tsohuwar.

Na biyu ya fi muni: ɗaura silin waya a madadin fiyus, ko sa mai amfiya 40 inda aka rubuta 20. Fiyus ba ya tsinkewa haka kawai, wani abu ne ya jawo. Idan ka hana shi tsinkewa, wayar ce za ta yi zafi ta narke, a cikin bangon da fasinjoji ke jingine da shi. Nemo inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ka gyara, sannan ka mayar da fiyus daidai da lambarsa. Kuma kafin ka yanke ko ka jona waya, cire kan batir na at.

Idan oga ya ce, "Kai yaro, fankar nan ta mutu, je ka sayo," ka ce, "Oga, a ba ni minti goma in auna." Rubuta abin da mita ta nuna a kowane mataki cikin littafinka na SIWES. Ranar da malami ya zo duba ku, kana da abin nunawa.